Ƙuri'a Mai Kusurwa Uku

Dutsen farko ya shigo ta taga ranar Juma'a da yamma, saura kwana biyu zaɓe. Ya wuce kan Doña Fuensanta da kamar kamu ɗaya, ya tarwatsa madubin bango. Na biyu ya sami matar likita a goshi, ta zube a kan kwandon ƙuri'u, jini na bin hancinta.

Mu goma sha huɗu ne a ɗakin, duk 'yan Ƙungiyar Matan Kare Addini da Iyali ta garin Peñaseca. Sha uku matan masu gonakin zaitun ne da na likita da mai kantin magani. Ta sha huɗun ni ce, Eulalia tela, mai takaba tun shekara biyar. An shigar da ni ne saboda ina da abu biyu da su ba su da shi: hannun guga, da dangi a Unguwar Ƙasa, wajen 'yan ƙwadago.

A shekarar nan ta 1933 aka fara ba mu mata ƙuri'a. Kowace jam'iyya ita ke buga takardunta, mai zaɓe ya zo da tasa daga gida. Namu sun iso daga birni a ɗaure da igiya, duk sun cukuikuye. Doña Fuensanta, shugabarmu, ta ɗaga guda da yatsa biyu ta ce takardar da ke ɗauke da sunayen masu kare coci ba za ta fita daga hannunmu kamar ƙunshin kifi ba. Ta ce a ninke su yadda muke ninke ƙyallayen bagadi, kusurwa uku, a yayyafa ruwan sitaci, a goge. Kwana tara na yi a kan wannan aikin. Sun fito fes, masu ƙarfi kamar wuyan rigar ango, kowa na yabawa.

Bayan duwatsun, sai ƙofar ƙasa ta karye, 'yan ƙwadago suka afko. Crispín, direban Doña, ya tare matakala da ƙarfen tayar da mota, ya kwantar da mutum ɗaya. Sauran suka rufe shi da dogayen sandunan kaɗe zaitun. Ina jin ƙarar ƙashin hannunsa daga inda nake tsaye. Suka tako ta kansa suka hawo.

Wanda ya fara shigowa ya yi kan tebur zai kifar. Na danna masa dutsen guga a bayan hannu, da garwashinsa da komai. Ya kurma ihu ya faɗa kan kujeru, ƙaurin fata ya cika ɗakin. Doña Fuensanta, mai shekara sittin da biyu, ta ɗauki kujera ta sauke wa wani a kafaɗa, shi kuma ya hankaɗe ta ta bugi bango. Mata na ta kiran sunayen tsarkaka. Ta tagar da ta fashe na hango hayaƙi a dandali: sun cinna wa motar da muka tanada don kai tsofaffi rumfar zaɓe wuta.

Sai Anselmo ya shigo, a hankali, hannu a aljihu. Shi ne shugaban ƙungiyar 'yan ƙwadago, kuma yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Wani daga cikin mutanensa ya riga ya ɗauki kwandon ƙuri'u zai juye a kaskon wuta. Anselmo ya tsayar da shi. Ya durƙusa ya ɗauki guda, ya juya ta, ya gwada lanƙwasa ta, ta ƙi.

"Aikin wa ke nan?"

"Nawa," na ce.

"Duka haka suke?"

Doña Fuensanta ce ta amsa daga ƙasa, tana riƙe da wuyan hannunta. Ta ce duka, har na ƙarshe, don su ba sa raba wa mutane tsumma.

Anselmo ya yi dariya har da riƙe gwiwa. Ya sa takardar a aljihun rigarsa.

"Ni dai ba na shiga coci, ƙanwata, amma Allah ya yi wa hannun nan naki albarka." Ya juya ga mutanensa. "Ku ajiye musu kayansu. Ko ɗaya kar a ƙona."

Suka fita suka bar mu da gilasai da jini da ƙuri'unmu cif. Matan suka ce mu'ujiza ce. Ni kuwa na san yayana, bai taɓa barin abin abokin gaba don tausayi ba, kuma dariyar nan ba ta kwanta mini ba.

Abin da bai kamata ya sani ba shi ne wannan. Mata talatin da ɗaya na Unguwar Ƙasa suna riƙe da takardunmu. Ni na kai musu, a ɓoye cikin ninkin bargunan da ƙungiya ke rabawa lokacin sanyi. Ta farko a cikinsu ita ce Visitación, matar Anselmo. Da bazara jaririnta ya mutu, magajin gari ya hana kaɗa ƙararrawa, ya hana limamin coci bin gawa, shi kuma Anselmo ya goyi bayan dokar. Aka rufe yaron ba addu'a. Ranar da na kai mata bargo ita ta fara tambayata ko na zo da takarda.

Shi kuwa ya tsaya a gaban taro a zauren ƙungiyarsu ya rantse cewa duk macen unguwar da ta ba iyayen gida ƙuri'arta, za a ɗora hannunta a dokin ƙofa a karya, kuma in a gidansa ne, shi zai yi da kansa. Anselmo ba ya rantsuwar banza. Akwai wani mai sa ido a gonar attajiri Don Honorio da Anselmo ya karya wa muƙamuƙi, har yau miya kawai yake iya sha.

Visitación ta riƙe ni a bakin murhu ta tambaye ni ko na tabbata babu mai gani. Na rantse mata da kabarin mijina. Na koya musu yadda za su yi: su nuna takardar mazajensu a bakin ƙofar makarantar da za a yi zaɓen, in sun shiga soron nan mai duhu su cusa ta a ƙirji su zaro tamu, su riƙe a ƙarƙashin mayafi, su zura a akwati. A tunanina akwatin zaɓe kamar akwatin sadakar coci ne, na katako, da 'yar kafa a sama. Haka Doña ta zata, haka dukkanmu. Babu wadda ta taɓa shiga ɗakin zaɓe a cikinmu, kuma babu wadda ta ga dalilin tambayar namiji.

Ranar Asabar da safe na tafi makarantar don in ga ko ƙofar za ta ɗauki kujerar da za mu ɗauko tsofaffi a kai, tunda mota ta ƙone. Na tarar da tsoho Melquíades mai gadi yana goge wani abu da tsumma a kan tebur. Gilashi ne ta ko'ina, gefe huɗu, kamar wanda ake ajiye alewa a kanti. Na tambaye shi mene ne.

"Au, ku da za ku ceci ƙasa ba ku san akwatinku ba?"

Ya yi mini bayani yana nishaɗi. Mai zaɓe ba ya zura komai da hannunsa. Zai tsaya ya faɗi sunansa, ya miƙa takardarsa a ninke ga shugaban tebur, shi kuma ya ɗaga ta sama kowa ya gani, sannan ya saka. Wakilan jam'iyyu na zaune a gefe da jerin sunaye. Takarda fara ce, kowa ninki huɗu yake yi, shi ke nan sirrin. Na tambaye shi wa ke wakiltar 'yan ƙwadago a wannan teburin. Ya ce ai ɗan gidanmu ne, Anselmo.

Ban san lokacin da na isa gidan Doña Fuensanta ba. Tana zaune a falo da hannu a naɗe, tana tsoma burodi a kofin cakulan. Na zayyana mata komai a tsaye. Na ce a tura limami, ko a sa mai shela ya ce takardunmu sun lalace, ko a yi wani abu dai da zai kai Unguwar Ƙasa kafin gobe. Ta saurara har na gama. Na ga fuskarta ta sauya da farko, ta gane kuskuren. Sannan ta ajiye kofin, ta ce wataƙila ma haka ya fi. Mu ma za mu san wadda ta karɓi bargo ta cika alkawari da wadda ta ci amana. Kuma matar da ke jin kunyar Ubangiji a gaban mijinta, ai ba ta cancanci a ɓoye ta ba.

"Doña, naki mijin ba ya karya hannu."

"Eulalia, guga aka ɗauke ki ki yi. Kin gama."

Ta sa 'yar aikinta ta raka ni ƙofa. Na biya gidan limami, ya kulle kansa tun harin Juma'a, ta taga ma bai leƙo ba.

Saura gada. Ita ce hanyar Unguwar Ƙasa, kuma tun safe sun tare ta. Maza shida da sanduna, ɗaya da bindigar farauta, da mata kamar goma a bayansu. Babu mai shiga, babu mai fita sai gobe. Anselmo ya rufe tarkonsa, ba ya son labarin gilashi ya kai kunnen kowace mace.

Na ce zan je duba gwaggonmu da ba ta da lafiya. Sinforosa mai wanki, mace kamar ƙofar rumbu, ta ce gwaggon tana gaishe ni, ta warke. Na yi ƙoƙarin kutsawa. Ta cafke gashina ta baya ta fizgo ni ƙasa. Wanda na ƙona wa hannu yana nan da tsumma a ɗaure, shi ya fara shurina a haƙarƙari. Suka ja ni zuwa kwamin da alfadarai ke shan ruwa, suka danna kaina ciki. Suka ɗago, suka sake dannawa. A karo na uku na shaƙi ruwan, duniya ta yi baƙi. Da na farfaɗo ina kwance a kan duwatsu, Sinforosa na zaune a bayana da almakashin sausayar tumaki, gashina na zuba a gabana dunƙule dunƙule. Ta yanke ni a kunne, ta ce in yi haƙuri, ta saba da tumakin da ba sa motsi.

Ina iya hango rufin gidan Visitación daga nan. In na ƙwala sunanta, na gama da ita. Na kawar da idona daga wajen.

Anselmo yana jingine a ƙarfen gada yana shan taba. Da suka gama ya matso, ya jefa mini mayafina.

"Je ki gida, ƙanwata. Gobe ki zo da wuri, akwai kallo."

Na gwada mashigin kogi ta bayan injin matsar zaitun. Can ma sun ajiye mutum biyu da karnuka. Na koma gida da rarrafe kusan.

Ranar Lahadi na ɗaure kaina da baƙin ƙyalle na fita. Bayan sujadar safe a coci mutanen Unguwar Sama suka yi layi a makaranta, mata a gaba da littattafan addu'a. Ni da matar mai kantin magani muka ɗauko Doña Práxedes, mai shekara casa'in, a kan kujerarta. Kowane taku haƙarƙarina na soka ni. Muka shigar da ita, ta miƙa takardarta, sai na ja kujerar gefen bango na tsaya kamar ina gyara mata bargo. Babu wanda ya kore ni. Wa ke kula da tela?

Akwatin yana tsakiyar tebur, ya kai rabi, kusan duk masu kusurwa uku, farare tas, suna tsaye a kan juna. Doña Fuensanta na bakin ƙofa tana kallonsu tana murmushi. Ba a taɓa ganin jam'iyyarmu ta yi gaba haka a wannan teburin ba. A ƙarshen tebur Anselmo na zaune da jerin sunaye da fensir, da takardar da ya ɗauka ranar Juma'a a ajiye a gabansa. Jandarma biyu na tsaye a soro.

Wajen ƙarfe goma muka ji waƙa daga gada. Sun taho da matansu a jere, maza na gefe da gefe. Ta taga na ga kowace na ɗaga takardar mijinta a bakin ƙofa, ana duba ta. Matar Anselmo aka sa a gaba.

Visitación ta fito daga duhun soro ta shigo haske, hannunta na dama a ƙarƙashin mayafi. Ta yi taku uku ta tsaya. Ta ga akwatin. Ta ga tsohon da ke gabanta ya miƙa takardarsa, an ɗaga ta sama. Ta ga mijinta, da abin da ke gabansa a tebur. Sai ta juyo ta gan ni, da ƙyallen kaina da kumburin fuskata. Ba ta yi kuka ba. Leɓenta ne kawai ya yi fari.

Shugaban tebur, malamin makaranta ne, ya ce ta faɗi sunanta. Ta faɗa, da ƙyar aka ji. Ya miƙo hannu. Idanu kamar arba'in na kanta, ba yadda za ta kai hannu ƙirji.

"Miƙa masa mana, Visi," in ji Anselmo, a tausashe. "Mata na jira a bayanki."

Hannun ya fara fitowa daga mayafi, a dunƙule. Ina ganin farin kusurwa ɗaya tsakanin yatsunta.

A gefen teburin akwai ƙararrawar makaranta, ta tagulla mai mariƙin katako. Taku biyu ne tsakanina da ita. Na ɗauke ta da hannu biyu na sauke a kan akwatin da duk ƙarfin da ya rage mini. Bugun farko ya tsaga shi. Na biyu ya tarwatsa shi, gilashi ya yanka mini hannu har gwiwa, ƙuri'u suka watse a ƙasa. Na sa ƙafa na shure su ko'ina. Kowa ya san dokar, har mu mata: akwatin da ya fashe, zaɓensa ya mutu.

Nan take ɗakin ya hargitse.

Wanda ya fara kai mini duka namu ne, ɗan Don Honorio, wakilin jam'iyyarmu. Ya zaro ƙaramar bindiga ya buga mini gindinta a baki, haƙora biyu suka tafi. 'Yan ƙwadagon da ke waje suka ji ƙara, suka zata masu gonaki ne suka fasa, suka ture jandarmomi suka afko da sanduna. Benci ya tashi sama. Malamin makaranta ya shige ƙarƙashin tebur. Wani jandarma ya harba a rufi, farar ƙasa ta zubo a kan kowa, kujerar Doña Práxedes ta kife da ita tana kiran uwarta. A soro kuwa matan Unguwar Ƙasa sun cakuɗe a duhu suna turereniya, babu mai iya cewa hannun wa ya shiga ina.

Na faɗi a kan gilasai. Doña Fuensanta ta ratso ta cikin mazan nan, ta tsaya a kaina da lemarta, ta yi ta sauke mini ita da hannunta mai lafiya, tana kirana Yahuza maci amana, tana cewa ƙuri'a ɗari huɗu, ɗari huɗu na zubar. Ban kare kaina ba. Ta tsakanin ƙafafun mutane nake neman Visitación.

Anselmo bai kula da faɗan ba. Ya tsallake tebur ya ture mutum biyu ya nufi matarsa, wadda taron ya matse a kusurwa, fuskarta a bango. Ya juyo da ita. Ya kama wuyan hannunta na dama ya ɗaga, ya shiga ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Mutanensa uku suka tsaya suna kallo, har da Sinforosa.

Takarda ce a ciki, jiƙe da gumi, ninki huɗu. Ya warware. Sunayen 'yan takararsu ne.

Ya buɗe hannun hagu, babu komai. Ya girgiza mayafinta, ya duba ƙasa inda take tsaye. Ya tambaye ta ko ta ji ciwo. Ta girgiza kai. Ya sake tambayarta wani abu, ta sake girgiza kai, bakinta a rufe gam, kumatunta ɗaya ya ɗan tasa. Sinforosa ta ce ya ƙyale baiwar Allah, tsoro ne ya ɗaure mata harshe.

Ya juyo ya dube ni a ƙasa. Ya daɗe yana dubana. Ya sani, ni ma na san ya sani. Amma ga mutanensa a tsaye, ga hannun matarsa riƙe da takardarsu. Ya ɗaga hannun sama ya nuna musu, kamar yadda ake ɗaga na wanda ya ci dambe, sannan ya sake shi.

Jandarmomi suka ɗaga ni ta hammata suka ja ni waje, ƙafafuna na jan ƙasa. Muna wucewa ta gabanta na ga ta haɗiye abin da ke kumatunta da ƙyar, idanunta suka kawo ruwa, ta fara tari. Wata ta ce a kawo mata ruwa.

Wata takwas alƙali ya ba ni a gidan yarin lardi. An sake zaɓen teburin ranar Laraba, da sabon akwati, maza da yawa, mata kaɗan. Ƙungiya ta kore ni a zaman da ta yi washegari, kuma tun daga nan babu matar Unguwar Sama da ta sake kawo mini ɗinki.

A wata na biyu aka ce ina da baƙuwa. Visitación ce, ta biyo motar kasuwa, ta ce wa Anselmo asibiti za ta. Ta ɗora kwando a kan kanta, burodi da cuku da kwalbar man zaitun. Da ta iso wajen ƙarfen da ya raba mu ta kai hannuwanta biyu, lafiya lau, ta sauke kwandon, ta tsaya tana kallon gibin bakina.

"Na kawo burodi mai taushi," ta ce. "Na cire ɓawon."